Aladun Talata da Alhamis

Litinin, 8 ga Janairu

Na fara aikin. Aladu ne.

A takarda cewa aka yi kula da dabbobin bincike. Ni na zaci ɓeraye ne, ko zomaye. Da Darlene, shugabar ɗakin dabbobin, ta buɗe ƙofa, warin ya shige ni har cikin haƙora. Su goma sha biyu, kowace ta fi ni nauyi. Ta dube ni ta ce, "Kai yaro, in amai za ka yi ga bokiti can, kar ka ɓata min ƙasa, yanzu aka goge." Ban yi a gabanta ba. Sai da na fita waje na yi a kan ƙanƙara.

Wata uku ne na gwaji. In na wuce, su za su sa ni makarantar yamma in samu takardar sakandare. Aji huɗu kawai na yi a sansanin gudun hijira kafin mu zo Minnesota. Saboda wannan zan daure.

Na kasa gaya wa Hooyo, mahaifiyata. Da Hooyo ta tambaya na ce wajen masu binciken zuciya ne. Ba ƙarya ba ce. Ba ƙarya ba ce sosai.

Laraba, 10 ga Janairu

Yau Dakta Lindgren, mai binciken, ta sauko daga bene ta yi min bayani da soson wanke-wanke. Ta tsoma shi a ruwa, ta matse. Wai haka zuciya take: ta cika da jini, ta matse. In an raba jinin da ya cika ta kashi ɗari, nawa take fitarwa a bugu ɗaya? Lafiyayya sittin. Waɗannan aladun an raunana musu zuciya da gangan, suna wajen talatin da biyar. Rabi ana ba su sabon magani, rabi ba a ba su, kuma ko ita ba ta san su wane ne ba sai an gama.

Da gangan fa. A lalata zuciya don a gyara. Na ce to.

Aikina in kawo alade ɗakin awo, in sa ta cikin wani tanti mai huda huɗu da ake zura ƙafafunta tana lilo, in aske mata ƙirji. Sai Tyler mai na'ura ya shafa mata wani abu mai yauƙi kamar majina, ya ɗora kan na'urar, zuciya ta fito a allo tana buɗe baki tana rufewa. Kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Tir.

Darlene na da shida, Litinin da Laraba. Ni shida, Talata da Alhamis.

Juma'a, 19 ga Janairu

Safar hannu biyu nake sawa, ɗaya kan ɗaya. Wanka biyu kafin masallaci, amma ina jin warin a hancina har cikin sujada.

Talata, 30 ga Janairu

Darlene tana raɗa musu suna. Lamba goma sha huɗu (lambobin ba a jere suke ba), tawa, wai Gladys, sunan uwar mijinta. "Duba gemun, wallahi ita ce sak." Tana sosa musu bayan kunne, tana ba su tuffa a tafin hannu, miyau dalala har wuyan hannunta, sannan ta goge a wando ta ɗauki kofinta ta sha. Na kau da kai.

Ni na samo dabara. Akwai wani faffaɗan allon roba, da shi nake tura su tun daga keji har ɗakin awo, ba na taɓa ko ɗaya. Suna ihu, suna zamewa, suna kashi a hanya, amma suna isa. In an rataye su sai su yi tsit, ido waje. Na fi Darlene sauri da minti goma. Tyler ba ruwansa, waƙa ce a kunnensa, ya ɗauki hoto ya tura sama.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Gladys ta yi min fitsari a cikin takalmi. Da ɗuminsa. Ba zan ƙara komai ba.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Dakta ta sauko da kwalin cincin mai sukari, tana ta murna kamar yarinya. Wai wasu sun tashi daga talatin da biyar zuwa kusan hamsin. Shekara uku tana wannan aikin. Ta ce rabi sun tashi, rabi suna nan inda suke, daidai yadda ake fata in maganin na aiki. Ranar Juma'a za ta gaya wa manyanta. Darlene ta ce, "Ki tuna da mu masu kwasar kashi in kin shiga talabijin."

Ta rubuta lambobin waɗanda suka tashi a farin allo: 3, 5, 8, 11, 14, 17.

Ina cikin taunawa na tsaya. Karatu ba ni da shi, amma na san lambar duk wadda ta taɓa yi min kashi a ƙafa. Nawa ne. Duka shidan. Babu ta Darlene ko ɗaya.

Talata, 20 ga Fabrairu

Yau na tsaya na kalli allon na'urar da kyau lokacin awon Gladys. Zuciyar tana duka kamar za ta fasa gilashin.

Na san wannan dukan. Ina ɗan shekara tara ina kiwon awakin kawuna, in kura ta yi kuka ka sa hannu a ƙirjin akuya, ko mai ciwo ce za ka ji kamar ana daka. Tsoro ma ƙarfi ne da shi. In ya wuce ta koma yadda take.

To hamsin ɗin nan ta maganin ce ko tawa ce?

Wata ɗaya da rabi ya rage. In na yi shiru babu mai sani. Wa zai tambayi mai wanke keji? In na yi magana, na ɓata aikin sati shida, da allon roba, saboda ƙyama. Sai dai in koma kamfanin yankan kaji da na baro, makaranta kuma shi ke nan.

Hooyo ta zuba min shinkafa da ayaba, na kasa ci. Ta ce, "Guled, wajen masu zuciyar nan taka suka taɓa?"

Laraba, 21 ga Fabrairu

Ban faɗa ba.

Na laɓe na kalli ta Darlene, lamba shida. Barci take a cikin tantin, har da minshari. Zuciyarta a hankali, a gajiye, ba ta ma gama matsewa. Abin ban tausayi, in da alade abin tausayi ce.

A bas ina ta tunanin wani tsoho da za a ce masa ga magani an gwada, ya yarda, ya sha. Alhali ni ne maganin, ni da allona. Yau ƙyamar ba ta aladu ba ce.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Na hau bene. Ban taɓa hawa ba. Can babu wari, kafet ne, ga ni da takalmin roba.

Maganar ta ƙi fita daidai. Na ce, "Dakta, shidan nan nawa ne. Ina tsorata su." Ta ce, "Ban gane ba." Na gaya mata batun allon roba, har da awaki da kura, kamar wawa. Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe hotunan, ta duba wata 'yar lamba a kusurwa, saurin bugu. Na Darlene tamanin da wani abu. Nawa ɗari da arba'in, ɗari da hamsin.

Ta sake bin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sati shida wannan lambar tana gabana. Wadda nake so kawai na kalla."

Na ce a yi haƙuri. Ta ce, "Je ka tukuna, don Allah."

Darlene kuwa ta wanke ni tas. "Allon nan na raba faɗa ne, ɗan banza, ba na tuƙi ba! Ka zaci keken kasuwa kake turawa? Da ma ka ce min kana ƙyama, ai da na koya maka. Ni ma mijina na farko haka na fara da shi."

Ba a ce an kore ni ba. Ba a ce ba a kore ni ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Dakta ba ta kai wa manyanta albishir ba, labarin ɓarna ta kai. An zubar da awon nawa duka. Darlene ta ce sharaɗi ɗaya ne: ranar 5 ga Maris a auna Gladys a hannuna, bugu ƙasa da casa'in. In ya ƙi, in ajiye musu takalminsu in tafi.

Bayan salla na tambayi liman a gefe. Ya ce aikin neman magani ba laifi ba ne, in tsarkake jikina da tufafina. Na so ya ce haramun ne, in huta.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Kwana uku ina zama a kejin Gladys da tuffa a hannu. Da ta gan ni sai ta manne a bango. Ni ke ƙyamarta, ashe ita kuma ni ne kurarta.

Yau ta karɓa. Hancinta a jiƙe, sanyi, yana motsi shi kaɗai kamar wata dabbar daban. Na kusa mutuwa.

Asabar, 2 ga Maris

Na gaya wa Hooyo. Ta ajiye kofin shayinta. Ta ce, "Ni nake wanke maka safa, ka zaci ban da hanci?" Ta ware min bokiti na daban a bakin ƙofa.

Talata, 5 ga Maris

Gladys ta biyo ni da ƙafarta, ba allo. Dakta ta sauko ta tsaya a bayan Tyler, shi ma ya cire abin kunnensa. Bugu ɗari da ashirin. Na ba ta tuffa, ɗari da biyar, ya tsaya nan. Darlene ta ce, "Kunne, yaro, kunne." Na sosa. Gashin kamar tsintsiya, ga wani maiƙo a bayan kunnen, safa biyu ba su hana ni jin ɗuminsa ba. Ban san lokacin da na fara yi mata irin kiran da nake wa awaki ba. Casa'in da takwas. Casa'in da ɗaya. Tamanin da huɗu.

Dakta ta auna a nan take. Talatin da shida. Ba ta tashi ba ko kaɗan, zuciyar tana nan a lalace. Dakta ta ce, "To. Wannan dai tata ce." Ta rubuta.

Darlene ta ce in zo Alhamis da wuri, saura aladu biyar. Ta kuma ajiye min takardar makarantar yamma a kan akwatina, da tabon kofi a jiki.

Har yanzu suna wari. Na wanke hannu har ya yi fari.

Talatin da shida dai ta yi kaɗan. Na tambayi Dakta ko Gladys na cikin masu samun maganin, ta ce ba mai sani sai ƙarshe. Tambaya ce kawai na yi.

In tuna in sayi tuffa. Ja, ba ta son kore.