Ɗamarar da Ta Karkatar da Allura

Tarnow, 4 ga Mayu, 1849

Yaya Hipolit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ƙanwarka Salomea na gaishe ka.

Ka san ni, ban yi jami'a ba, da hannuna na zama maƙerin agogon da ba shi da na biyu a garin nan. Ban iya ba da haƙuri ba, ka karanta a hakan.

Ka tuna bukkar katakon da na gina da ƙusoshin tagulla, inda muke karɓa-karɓa muna duba allurar maganaɗisu duk minti biyar, daidai lokacin da masu dubawa a Milan da Uppsala ke duba tasu. Doka ɗaya ce: kada ƙarfe ya shiga, ko da maɓalli. Da malaman jami'ar Gottingen suka dawo da lissafinmu, suka ce ya saɓa wa na kowa, na ce kai ne kake zuwa a buge.

Ba kai ba ne. A ƙarƙashin rigata akwai ɗamara mai sandunan ƙarfe da nake matse tumbina da ita. In na matso, allura ta karkace. Tun a wancan makon na gane, na yi shiru shekara goma sha ɗaya.

Ka yafe mini.

Surukinka,
Bonifacy Kmiecik

Bochnia, 12 ga Mayu

Mijin ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Wai asiri ka tona! Kai da in ka sunkuya sai ka yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Na sani tun ranar farko. Don kada Salomea ta ji kunya na rufe bakina.

Amma ba a takarda ka kira ni mashayi ba. A ƙofar coci ne, bayan addu'a, gaban kowa. Saboda kalmar nan aka raba ni da aikin koyarwa, na koma awon gishiri. A can za ka janye ta, da bakinka. In na ji labari, zan zo cin abincin Lahadi.

Ka gaida tumbin.

Hipolit

Tarnow, 29 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na rubuta wa Gottingen gaskiya, da sa hannuna.

Ƙofar coci kuwa, Lahadi biyu ina tsayawa. Jama'a suka taru suna cire mini hula don girmamawa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa bana an samu ruwa.

Ka ƙara mini Lahadi ɗaya.

Naka,
Bonifacy