Babin da Ya Kore Ni

Zuwa ga abokina Idrisu, malamin lissafi a Dapaong.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sokodé lafiya lau, in ka cire ni.

Littafinka na kwamfuta da Hausa ya iso. Shafin godiya na fara buɗewa. Na ga Malam Nuhu maƙwabcinka shi ne "wanda ya duba rubutun". Ni kuma ina can ƙasa, cikin "da sauransu".

Ban yi mamaki ba, don da hannuna na gyara babin da ya kore ni. Ka tuna shi? Kwamfuta mai ƙwaƙwalwa da yawa, ana raba musu ayyuka, amma wani aikin ba ya farawa sai wani ya ƙare. Ka rubuta cewa idan aika sakamako daga wannan zuwa waccan zai ci lokaci, gara a bar ayyukan wuri guda, ko da ta nesa ta fi iyawa. Har "madalla" na rubuta a gefen shafin. Ban san da ni kake ba.

Gaskiya ne, ba na gyara a waya. Sai ka ba direba takardu a tasha, ya tsaya cin kifi a garin Mango, ni in zauna da jan biro, mai buga littafi yana jiranmu duka. Nuhu kuwa katanga ce tsakaninku. Ka miƙa masa da la'asar, ya gama kafin shayinku ya huce.

Shayin nan ya fi damuna. Tun muna lise, wato sakandare, ni nake fara jin duk abin da ka rubuta. Kana karantawa ina katse ka, kana cewa, "Kai dai ba ka barin jimla ta kai ƙarshenta." Yanzu wa kake faɗa wa haka? In Nuhu ne, kada ka gaya mini.

An ce ka fara littafi na biyu. A babin nan da ya kore ni ka ce wani lokaci akan ba ƙwaƙwalwa biyu aiki iri ɗaya. To, ka ba Nuhu nasa saboda mai bugawa. Nawa ka ba direba, ko da zai dawo maka bayan an buga. Ba sai ka sa sunana ba, Idi. So nake in ci gaba da katse ka.

Allah ya sa albarka a aikinka, ya raya maka zuri'a. Nuhu kuma Allah ya ƙara masa lafiya da girma, har a yi masa canjin aiki zuwa Lomé, can ƙarshen ƙasa.

Naka tun kafin ka san shi,
Abubakar