An Goge Muryar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Bilki da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Tsiga lafiya lau, ana ta karyar masara.

Ni dai raina a ɓace yake. 'Yar rediyon nan mai memori da ka aiko wa Inna, wadda ka zuba karatun marigayi Baba a ciki, ita ce ta fara iskanci. Baba na tsakiyar sura sai ta mutu, ta kunna kanta, ta koma farko. Na cire memorin na share da bakin zani, na kai ta caji ta cika, duk a banza.

Sai na ba Kawu Iro ya kai wa mai gyara a Funtua. Mutumin nan ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba. Ya goge memorin tas, ya cika shi da waƙoƙin biki, wai kyauta ya yi mana. Kuma ta dawo gida tana mutuwarta kamar da. Ashe batir ne ke rawa a mazauninsa. Ɗan kwali na cusa, ta daina.

Yanzu rediyo lafiyarta ƙalau, Baba ne babu. Inna dai ta sa ta cikin kwalla ta rufe.

Don Allah duba tsohuwar wayarka, ko karatun yana nan. In ka sayar da ita, ni za ka faɗa wa, ba Inna ba.

A sa mu a addu'a. Gaishe min da yara.

Ƙanwarka,
Rabi