Sabon Tanderu da Kawu Evaristo

Celaya, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayata Remedios,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma sanyin Chicago ya sassauta muku. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma sayar da tamale, alalen masarar nan tata, a bakin coci, ɗana Chucho kuwa ya fara tafiya, komai ya gani sai ya jawo.

Yaya, abin da ke cina a rai ne ya sa na ɗauki biro. Kin san tanderun gas na masana'antarmu, inda Kawu Evaristo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gasa fentin murhunan girki. To, masu sayen kayanmu na ƙetare sun ce hayaƙinmu ya yi yawa, don haka bayan bikin Ista za a rushe shi a kafa na lantarki mai aiki da hasken rana. Ba na ƙin abin, ni ma tarin Kawu ya daɗe yana damuna. Amma sabon tanderun mutum biyu kawai yake buƙata, kuma ni aka tura koyo. Shugabar sashenmu ta faɗa mini a asirce cewa babu Kawu a ciki, ta ce in kama bakina sai an sanar.

Shi kuwa ya ɗauka kowa za a koya wa. Ya zo gida ya ce tunda ni 'yarsa ta baftisma na zama malama, kowace Lahadi bayan coci sai in nuna masa allon na'urar. Mutumin da ya riƙe ni a gaban fadan coci ranar baftismata, ya kai ni ƙofar masana'antar da hannunsa, da wane baki zan ce masa a'a? Na zana masa maɓallan a kwali. Har tabarau ya sayo. Yana danna kwalin da yatsan nan nasa da wuta ta lanƙwashe, yana tsokanata, wai tanderun da ba a ɗumama gurasar tortiya a bakinsa ai firji ne, wai kuma in ya ci gwajin sarrafa sabon tanderun ni zan riƙa kawo masa kofi. Ina taya shi dariya ne kawai, Yaya. Kunyar kaina nake ji. Na ci gurbinsa, ina kuma yaudararsa da kwali. Ko Mama na kasa faɗa wa, ƙaninta ne.

Ki gaida maigidanki Yaya Anselmo da yara, Lupita da ƙaramin Tadeo. Mama tana gaishe ku. Kawu ya ce in gaya miki ki daina yi masa maganar ya dawo wurinku ya huta, wai yanzu ma ya fara aiki. Na isar da saƙonsa. Ni kuma ina roƙonki ki gyara masa ɗakin, ki sake kiransa, kada ki ce daga bakina kika ji.

Ƙanwarki mai kewarki,
Griselda