Idon Yanyawar Ummi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, 'yarki Hauwa ce ke rubuto miki. Na san saƙo ba ya zuwa inda kike, na kuma san masu karanta wannan a waya yawancinsu ba su taɓa ganinki ba. Su karanta, ba komai. Ni dai da ke nake magana, domin na yi wani abu da kwarashinki wanda ke ba ki taɓa yi ba, kuma hankalina ba zai kwanta ba sai na gaya miki.

Ba ki ga Ummi ba. Bayan rasuwarki aka haife ta, aka sa mata sunanki, shi ya sa babu mai kiranta da sunan yanka a gidanmu na Tarauni. Shekararta huɗu, ga surutu, ga taurin kai irin naki. Ki yi haƙuri, amma gaskiya ce.

Tun kafin azumi ta fara rama, cikinta yana tasowa ta gefe ɗaya. Muka yi ta ɗirka mata maganin shawara da na tsutsar ciki, har dai aka ɗauki hoto aka ce ƙari ne a jikin ƙodarta, sai an yi aiki an cire. Aka ba mu gado a babban asibitin nan da kika yi shekaru kina zama kusa da ƙofarsa, ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi, da tiren hulunan jarirai da safa. A cikinsa kuma kika cika. Ranar da muka shiga da jakar kayanmu ban iya kallon wurin zamanki ba, wata mai awara ce a wurin yanzu.

A bangon ɗakin yara an zana dabbobi: giwa, raƙumin dawa, zomo, da wata aba ruwan goro mai dogon baki da jela buzu-buzu. Ummi ta kafe a kanta. Da farko ta ce kare ne. Babanta Sani, da yake a ƙauye ya tashi kafin ya shigo birni ya kama tuƙin adaidaita, ya ce yanyawa ce, sai dai ta Turawa, don tasu ta daji launin ƙasa gare ta kuma kunnuwanta sun fi haka. Ummi ba ta damu da asalinta ba. Ta ce ita dai a ciro mata ita daga bango ta kwana da ita.

Sai na ce zan saƙa mata. Bakina ne ya riga hankalina, don rabona da kwarashi tun ranar da na naɗe naki a ɗankwali na jefa ƙasan akwati.

Kin tuna 'yan tsanan da kike saƙa mini da ragowar ulu? Suna da hannu, suna da ƙafa, har ɗan zane kike ɗaura musu, amma fuskarsu fayau, ba ido ba baki. Na taɓa ɗaukar gawayi zan ɗiga wa ɗaya ido, kika buge hannuna. Kika ce, “Abin da ba za ki iya hura wa rai ba, kada ki ba shi ido.” Kika ce mala'ikun rahama ba sa son ɗakin da aka ajiye siffa. Ban yi musu ba a lokacin, kuma har na girma maganar tana nan a raina inda kika ajiye ta.

Sani ya je Unguwa Uku ya sayo ulu. Na ce masa ruwan goro, ya dawo da ja kamar na danja. Na mayar da shi. Ya sake dawowa da daidai, da fari na ƙirji da bakin jela, da ɗan baƙi na ƙafafu, yana mita wai shi bai taɓa sanin goro kala-kala ne ba.

Kwarashinki yana nan yadda kika bar shi, da filastar da wata nas ta naɗa miki a mariƙinsa don kada ya ci miki yatsa. Filastar ta yi baƙi, kuma wurin da babban yatsanki ke zama ya lotsa. Nawa ya zauna a ciki daidai.

Daga kai na fara, zagaye bayan zagaye, ina ƙarawa har ya yi faɗi, sannan na rage har bakin ya yi tsini. Kin sha gaya mini cewa saƙa ba ta rufa wa mai ita asiri, in ranki a ɓace yake za ta faɗa. Wallahi ta faɗa. Ranar da likita ya zaunar da mu ya lissafa abubuwan da ka iya faruwa a aikin, ya ce mu sa hannu, na dawo na saƙa ƙafar baya da ƙarfi har kwarashi ya ƙi shiga. Ta fito guntuwa, ta ƙanƙance, ba ta kai 'yar'uwarta ba. Da kina nan da kin warware ta ba tare da kin tambaye ni ba. Ni ban warware ba, ba ni da zuciyar sake ta.

Da na zo cusa ciki, Sani ya ce a sa tsumma. Na aike shi gida ya farke gefen tsohon matashinki ya ɗebo mini audugar rimi. Na tsince 'ya'yan, na cusa a hankali da gindin kwarashi har jelar ta yi ƙiba. Ummi tana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, tana ba da umarni kamar mai gida: a ƙara wa jela, kunne ya miƙe, kada a matse mata wuya.

Ana gobe aiki, bayan la'asar, na ɗinke kai da jiki na miƙa mata. Ta juya ta, ta sake juyawa. Sai ta ɗago ta ce, “Mama, ina idonta? Da me za ta gane ni in na fito?”

Inna, nan take maganarki ta faɗo mini.

Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ita ke taya ni jinya, kuma kin san ta ba ta tauna magana. Ta ja ni baranda ta ce kada in kuskura. Ta ce gobe ne ranar da muka fi bukatar mala'iku a kan yarinyar nan, ba ranar da za mu kore su da hannunmu ba. Na nuna mata bangon da ke cike da dabbobi, kowacce da idonta ƙuru-ƙuru. Ta ce wannan na masu asibiti ne, su za su amsa nasu, amma wannan daga hannuna ta fito, da kwarashin uwata.

Sista Maryam, nas ɗin da ke kula da gadonmu, ta ji mu. Ta ce malamai da yawa sun yi sassauci a kan abin wasan yara, ita ma 'ya'yanta suna da su. Na yarda da ita, na ma taɓa jin haka a Islamiyya. Amma sanin kai daban, tsoron zuciya daban. Idan na sa ido wani abu ya faru, zan ƙare rayuwata ina cewa ni na jawo. Idan kuma ban sa ba wani abu ya faru, to abu na ƙarshe da 'yata ta roƙe ni na hana ta. Gaba kura, baya sayaki. Na ji haushinki a ranar, Inna, na rantse na ji. Kin bar mini doka kin tafi, ba ki bar mini yadda zan yi da ita a irin wannan rana ba.

Da safe aka hana Ummi ko ruwa. Aka sa mata wata riga mai ɗauri ta baya da ta yi mata yawa. Ta sake tambayar ido, na ce mata kafin ta fito za ta tarar an yi. Gwaggo ta harare ni, na kau da kai. Suka tura gadon, muna biye, yanyawar tana ƙarƙashin haɓarta. A ƙofar tiyata aka tsayar da mu. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Can jimawa wani ma'aikaci ya leƙo ya miƙo mini yanyawar, ya ce Ummi ta yi barci. Jikin ulun da sauran ɗuminta.

Muka zauna a benci. Sani ya kasa zama, yana zuwa ƙarshen baranda yana dawowa, ya ciro makullin adaidaita ya mayar. Gwaggo tana jan carbi. Ni kuma fuskar nan fayau tana kan cinyata, ga allura ga baƙin zare a jaka, ga alkawarin da na yi.

Na zura zaren. Sai da na yi ta lalube kafin ya shiga. Na ɗinka layi ɗaya lanƙwasasshe a dama, ɗaya a hagu, da ɗan gashin ido a ƙasa. Ido a rufe. Ban sani ba ko wayo nake yi miki, ko wa Gwaggo, ko wa kaina. Gwaggo ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ai wannan barci take, ta koma kan carbinta.

Lokacin da suka ce za a gama ya wuce. Aka kira azahar, muka yi salla bi da bi don kada a fito neman mu a rasa. Aka fito da wani dattijo da ya shiga bayan Ummi, danginsa suka bi shi suna hamdala. Mu shiru. Duk buɗe ƙofa sai na miƙe, duk rufewa sai na koma na zauna. Na matse yanyawar har audugar ta taru a gefe ɗaya.

Sai ƙofar ta buɗe, wata nas da ban sani ba ta ɗaga murya ta ce, “Ina masu Rabi'atu?”

Sunanki, Inna. Da wannan kalma aka kira mu ranar da kika cika, a irin wannan baranda. Ban san lokacin da na zame ƙasa ba. Gwaggo ce ta cicciɓe ni, ita da ke kukan ciwon gwiwa kullum.

Nas ɗin ta ce in kwantar da hankalina, an cire ƙarin, amma yarinya ta yi nauyin tashi daga allurar barci. Sun yi ta kiran sunan da ke katinta ba ta motsa ba. Ta tambayi da wane suna muke kiranta a gida, sannan ta ce ma in zo da kaina, muryar uwa ta fi. Aka ba ni hula da wasu takalma, na shiga da yanyawar a hannu, babu wanda ya hana ni.

Ummi ta yi ƙanƙanta a kan gadon. Leɓenta ya bushe, ga roba a hanci, ga na'ura tana ƙara a gefen kanta. Na matsa kusa da ita. Na sa yanyawar a ƙarƙashin haɓarta inda ta saba, na goga mata jelar a kumatu. Na ce Ummi. Shiru. Na ce Ummi, ga yanyawarki ta zo, na yi mata abin da kika ce. Shiru dai. Nas ta dubi na'urar, ta dubi abokiyar aikinta, wannan kallon ba zan manta da shi ba. Na sunkuya daidai kunnenta na yi ta kira, ina kira ina salati, har ban san wanne nake yi ba.

Yatsunta ne suka fara motsi. Suka lalubo guntuwar ƙafar nan suka riƙe. Sannan ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni kamar daga nesa, ta sauke kallonta kan fuskar yanyawar. Ta daɗe. Da wata 'yar murya a shaƙe ta ce, “Mama, ita ba ta tashi ba.”

Na yi dariya ina kuka, har nas ta ce in fita haka nan.

Da yamma, bayan an mayar da mu ɗakin yara, Ummi ta sake maganar, ta ce a tashi yanyawar. Na yi kamar ban ji ba, ina satar kallon Gwaggo. Gwaggo ta matso. Ta jawo jakata, ta ciro allura, ta ɗaga ta saitin taga tana ƙanƙance ido har zaren ya shiga. Ta miƙo mini. Ta ce, “Tashe ta. Da Rabi tana nan, ta ga abin da na gani yau, ita ma da ta yi.”

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa a kanki. Ke kika san kanki. Amma na warware layukan nan biyu, na ɗinka mata ido baƙaƙe, zagayayyu, da ɗigon fari a kowanne. Ɗaya ya fi ɗaya girma. Ummi ta ce haka ma ya yi, yanzu ta gane ta.

Tsugune ba ta ƙare ba tukuna. An kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, sun ce sai sakamako ya fito za a san ko akwai sauran magani a gaba, kuma kowace safiya in likitoci suka shigo gabana faɗuwa yake. Amma jiya ta sha kunu, yau ta yi faɗa da Sani a kan ya zauna wa yanyawarta a jela.

Idan na saɓa miki, Inna, ki yafe mini. Idan na yi kuskure a wurin Allah, ina roƙonsa gafara, shi ya san abin da ke zuciyar uwa a bakin ƙofar tiyata. Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya saka miki da aljanna a kan kowace hula da kika saƙa wa ɗan wani. Allah ya tashi kafaɗun mai sunanki, ya raya mini ita har in damƙa mata kwarashin nan da hannuna. Masu karantawa, don Allah ku sa ta a addu'a.

Tana barci yanzu. Yanyawar ce idonta biyu, tana gadinta.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hauwa