Karen Gonar Awali

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Kwamiti ya ƙi. Ba za a shigo da kare harabar jami'a ba, ko da sunan magani. Dakta Walid, mai ba ɗalibai shawara, ya kawo hujja shafi goma sha biyu: a wasu ƙasashe ana kawo karnuka masu horo, ɗalibai su shafa su, damuwa ta ragu. An saurare shi, an sha gahawa, an ce a'a. An dai yarda ya riƙa fita da ɗalibai gona ranar Asabar. Ni aka haɗa da shi in rubuta rahoto, tunda na yi aikin jarida kafin in dawo ofishin yaɗa labarai, kuma ina jin Hausa, abin da ba kowa ke ji ba a nan ƙasar Larabawa. A raina ina bayan kwamiti.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ashe saboda mutum ɗaya Walid ke wannan fafutuka. Rilwanu, ɗan ƙasar Tawa a Nijar, shekara ta uku a Shari'a. Mahaifinsa ya rasu a Agusta, bai samu jana'iza ba. Tun daga nan ba ya magana, a aji ko a masauki. Ya miƙa takardar janyewa daga karatu. In bai koma ya karɓe ta ba, farkon wata za a sa mata hannu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Unguwar Awali, a gonar dabinon kawun Walid. Ɗalibai bakwai. Akwai kare a gonar, na gadi, saluki, irin na farautar Larabawa, siriri, launin yashi, sunansa Barƙ. Rabo mai ban ruwa ya ce mini, "Alhaji, ba ya cizo, sai dai ya raina mutum." Na tattare jallabiyata na tsaya nesa. Karen ya shinshine kowa, ya je ya kwanta a ƙafar Rilwanu. Awa guda, ba kalma.

A rahoto: "Ba a ga canji ba." Matata Kaltume ta sa na tuɓe jallabiyar tun daga bakin ƙofa, saboda karen.

Asabar, 19 ga Oktoba

Haka dai. Sai dai Rilwanu ya juya kunnen karen ya cire kaska biyu. Hannun wanda ya saba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Azahar ta yi, muka yi alwala a bakin famfo. Barƙ ya lashi hannun Rilwanu, shi kuwa ya wuce sahu abinsa. Saif, ɗalibi haifaffen unguwar Jurf ta nan garin kamar ni, jikan Kanawa, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa, ya riƙe masa hannun riga: "Ya akhi, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa." Haka aka koya mana a nan, ni ma da shi na tashi.

Rilwanu ya dube shi ya ce, "A gidanku."

Muryar a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Daga nan bai tsaya ba. A Malikiyya, in ji shi, duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa; ƙwaryar da kare ya sha a ciki aka ce a wanke, ba hannu ba. Saif ya kawo tasa hujjar, Rilwanu ya mayar masa. Larabci, Hausa, Larabci. Minti ashirin da biyu, na duba agogo. Walid na bayan wani dabino yana yi mini alama kada in sa baki.

Can sai Rilwanu ya ce, "Babana da karnuka uku yake kiwo, kuma shekara talatin shi ke jan sallah a garinmu. Kana nufin duk sallarsa..." Bai ƙarasa ba. Ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya matsa sai karen.

Rabo ne ya raba: "To malamai, rana na tafiya. Mai wankewa ya wanke, ƙasa ba ta ƙare ba."

Saif, da Hausarsa mai ɗingishi, ya ce wa Rilwanu, "Kai shiga gaba." Rilwanu ya ja mu. Na bi shi, ban kuma sake sallar ba.

A mota suka ci gaba da gardama har ƙofar masauki.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Kwana biyar ina neman jimlar da zan sa a rahoto. "An ga canji" ta yi kaɗan, sauran sun yi yawa.

Na ce wa Kaltume ta ajiye mini ƙasusuwan naman kabsa, dafa-dukan nan, a firji zuwa Asabar. Ta ce, "Abu Ruƙayya, kai?" Na ce zubar da su almubazzaranci ne, ba wani abu ba.

Walid ya kira bayan la'asar. Wani a ofishin rajista ya gaya masa Rilwanu ya je da safe ya karɓe takardarsa ta janyewa. Majiya ɗaya ce. Ofishin a rufe yake sai Lahadi.