Idon Amare a Fuskar Dillalin Shanu

Hajiya Zinnira, ina gaisuwa, ina kuma neman agaji. Da farko Allah ya yi wa wanda ya ƙirƙiro gilashin cikin ido albarka, ɗan faifan nan da ake mannawa a ƙwayar ido. Mutum mai hikima ne. Cikin wata guda ya mayar da ni shahararre, ya kuma kusa makantar da ni.

Ni dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobin da ke ci a yankinmu na Gwarzo da Kabo. A sana'armu ido ne jari. Makiyayi sai ya kalli ƙwayar idonka kafin ya miƙa maka igiyar sansa. To, nawa idon ya daina ganin nesa. Haƙorin dabba ina karanta shi tsaf, amma daga bakin kara komai hazo ne. Ran nan na hango wata saniya mai ciki na yabe ta na ce bijimi ne ƙosasshe, da ƙyar na mayar da abin wasa.

Za ki ce in sa tabarau. Akwai Jalo, dillali ne da ya girme ni. Ranar da ya shigo kara da tabarau aka raɗa masa Akawu, makiyaya suka ce idonsa ya mutu. Yau awaki yake riƙewa.

Sai na tuna Hajaratu, ƙanwar matata, mai kwalliyar amare a Kabo, tana sayar da na cikin idon. Na zaɓi mai launin ruwan zuma don a ɗakinta ya yi kama da nawa. Da na fita rana, Hajiya, sai ga ni da idon kyanwa. Ganin kuma ko taku ɗaya bai ƙaru ba.

Na so in cire, sai Bappa Sajo, wani babban makiyayi na Lakwaya, ya ƙura mini ido ya yi salati. Kafin la'asar ya baza cewa an buɗe mini ido, ina ganin abin da ke cikin tumbin dabba. Ni kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba. Yanzu igiyoyi sun fi ƙarfin hannuna. In na cire na zama maƙaryaci, in na bari ga abin da nake ciki: idon hagu ya yi ja, yana zubar da hawaye, ba ya son rana. Gilasan kuwa ina kula da su. A kofin shayi nake jiƙa su da ruwan buta, in na sa in ja kwalli a kai. A waya na ga akwai na kwana ɗaya, na wata, da mai tauri. Wanne zan saya in riƙa hango shanu, launin kuma kada ya canza?

Mai Idon Aro, Gwarzo

AMSA

Malam Mai Idon Aro, cire su yanzu, kafin ka gama karanta wannan. Ja da hawaye da gudun haske na iya zama gyambo a baƙin ido, kuma irinsa ba ya jiran ranar kasuwa ta wuce. Ka tafi asibitin ido a Kano yau ko gobe, ka riƙe faifan da kofin ka nuna musu.

Abin da Hajaratu ta ba ka ado ne kawai. Na gyaran gani sai an auna ƙarfin kowane ido da faɗinsa da lanƙwasarsa, shi ya sa ba a zaɓensa da launi. In idon ya warke likita ya yarda, ka tambaye shi mai laushi na kwana ɗaya, ka sa da safe ka yar da yamma. Shi ya fi dacewa da mai wuni cikin ƙurar kofato. Na wata ya fi sauƙin kuɗi, amma kullum sai an wanke shi da ruwan maganinsa a mazubinsa. Mai tauri yana fitar da gani sosai, sai dai ƙwayar yashi ɗaya ta shige ƙarƙashinsa ka bar ciniki. Ko wanne ne, ruwan buta ko na rijiya kada ya taɓa shi. Wajen alwala ka runtse ido, ka busar da hannu kafin ka taɓa, kada ka kwana da shi, kwalli kuma ka hutar da shi. Tabarau ma ka yanka ka ajiye na gida.

Na fahimci tsoronka, abincin iyali ba abin wasa ba ne. Akwai mai launi da ke gyara gani, likita ne zai ce ko ya dace da kai, amma ni ban ba ka shawararsa ba. Ka sa marar launi, ba wanda zai san yana nan. Bappa Sajo kuwa ka gaya masa abin sawa ne, ya dame ka ka cire. Za a yi dariya kasuwa biyu, ranar da ka hango ɗingishin bijimi daga bakin kara za a manta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Jalo dai da tabarau ya samu awaki. Dillali mai ido ɗaya fa, me ake ba shi ya riƙe?

Hajiya Zinnira